Katangar Bayan Ɗakin Inna

Nura, tun ranar da ka buga mini waya kana cewa filin nan na bayan ɗakin Inna a gidanmu na Garo yana zaune a banza, gara a haƙa sokawe a wurin a ɗora banɗaki na zamani, ban sami sukuni ba. Na ce maka a'a, ka ce me ya sa, na ce don na ce. Na san amsar ba ta gamsar da kai ba, don ni ma da aka ba ni irinta ina yaro ba ta gamsar da ni ba. To ga dalilin nan, kai da Hadiza da sauran ƙannenku ku karanta. A ciki za ku ji gaskiyar maganar da kuka tashi kuna ji a bakin dangi, wai ubanku ya ɗauki gidan da zai gina muku a Gwarzo ya je ya binne a ƙasa, shi ya sa kuka girma a gidan haya. Ba ƙarya suka yi ba, na binne ɗin. Dalilin ne ba su sani ba.

Ni dai tun ina ƙarami Allah ya jarabce ni da son sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafata. In ana haƙa rijiya a unguwa, can za a same ni a bakin rami ina kallon yadda launin ƙasar ke sauyawa a cikin guga, baƙa ta koma ja, ja ta koma fari-fari, ina tambayar mutane wa ya jera su haka har su gaji su kore ni. Inna, kakarku, ba ta hana ni tone-tonena, ko tsakar gida na farfasa sai dai ta ce Allah ya shirya. Sau ɗaya ta taɓa dukana a duniya. Na bi ramin gyare ne zuwa bayan ɗakinta, tsakanin bango da danga, na durƙusa ina tono da tsinken kara. Ban ji zuwanta ba, sai saukar muciya a gadon bayana. Da na tambaye ta laifina cikin kuka, cewa ta yi ba a tono a nan, don ta ce. Wurin kuwa ba komai a cikinsa. Ba a ɗaure akuya a can, ba a zubar da ruwan wanke-wanke, ko rama ba a shukawa. Kullum da safe takan share shi tas, shi ke nan. Na ɗauka tsafta ce irin ta tsofaffi, na manta.

Wannan jarabar ce ta zama abincina. Na ƙare a ɗakin gwajin ƙasa na masu aikin hanya da gadoji, ana biyana albashi a kan abin da aka doke ni dominsa. Har yau in na je gidan suna ko ɗaurin aure na ga an tara ƙasar gini, sai hannuna ya kai. In ɗebo, in jiƙa da yawu, in murza a tafin hannu. In ta yi tsawo kamar taliya ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, za ta kumbura da damina ta tsage da rani. In ta wargaje nan take, yashi ne, ruwa zai ratsa ta ya tafi da ita. Ummanku, Allah ya jiƙanta, takan ce in ta fita da ni kunya take ji, mutum da furfurarsa yana wasan ƙasa a bainar jama'a.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, kai Nura kana rarrafe. Bayan gidanmu akwai wata 'yar hanyar ruwa wadda muke tsallakewa da ƙafa muna yara. Da aka yi ta rufin kwano a unguwa, aka kuma juyo ruwan titi ta nan, sai ta zama kwari mai zurfin tsayin mutum biyu, kowace damina ta ciji gaɓa ta matso. A ƙarshen daminar nan ta cinye dangar gaba ɗaya, ta bar ɗan filin da Inna ke sharewa a buɗe, bayansa sai bangon ɗakinta. Ƙanena Garba, Baffanku, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Malam, mahaifinmu. Ya aiko in zo, na zo na tarar har ya sauke bulo. Shawararsa ita ce a ja katanga miƙe daga gindin kwarin zuwa sama, a yi mata filasta ciki da waje, a cika bayanta da ƙasa.

Na ce masa wannan ba katanga ba ce, tarko ne. Katangar gida iska kawai take tarewa, amma katangar da za ta riƙe gaɓa tana ɗauke da turin ƙasa dare da rana, kuma in ƙasar ta sha ruwa bai sami hanyar fita ba, turin ƙaruwa yake yi sosai. Na sha ganin irinta a wurin aiki, ta yi ciki a damina ta farko, a ta biyu ta kwanta da wanda ke gindinta. Katangar ƙwarai kamar mutum take wanda ya zauna ya miƙe ƙafafu: ana yi mata faffaɗar ƙafa ta kankare da rodi a shimfiɗa ta ƙarƙashin ƙasar da za ta riƙe, nauyin ƙasar ya danne ƙafar, sai ƙasar da kanta ta hana katangar faɗuwa. Amma kafin a shimfiɗa wannan ƙafa dole a yanke gaɓar a kwashe ta har kusa da bangon Inna, in an gama a mayar. Garba ya ce to a yi hakan, ai ni ne mai boko. Muka shiga muka gaya wa Inna. Tana tsinkar zogale a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Ba mai sa mini fartanya a bayan ɗaki," in ji ta.

Na yi mata bayani da Hausa mai sauƙi, na zana mata a ƙasa da yatsa. Na ce in ba a yi ba, damina mai zuwa ko ta bayanta kwarin zai cinye filin ya haɗa da ɗakin. Ta ce in ya zo ya same ta a ciki. Garba ya ce ta koma ɗakin Malam mana, ga shi can a rufe, ta yi masa kunnen uwar shegu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni mutum ne mai saurin hawa, kun sani. Amma ƙarƙashin ɓacin ran wani abu ya fara yi mini susa. Matar da ta bar ni na tone mata tsakar gida kaf, me ke cikin wannan ɗan wurin?

Na ce bari in fara da abin da na iya. Na sauka cikin kwarin na yi yini ina karanta gaɓar, don kwari ya riga ya yi mini haƙar da zan biya a yi. A sama akwai baƙar ƙasa mai toka da fasassun tukwane, ta mutanen da suka riga mu zama. Ƙarƙashinta jar ƙasa ce mai yashi, da rani ta yi tauri kamar dutse, amma da na jefa ɓarinta a kwanon ruwa sai ta narke kamar sukari. Ita ruwa ke lasa daga ƙasa, ya yi mata kogo, ta saman ta rasa abin tsayawa ta rufto. Can gindi sai marmara, kuma da na sa aka ɗan tona a tsakiyar kwarin muka iske ruɓaɓɓen dutse, wanda diga ke ci da ƙyar. Na ji daɗi kamar an yi mini albishir, don na san akwai abin kamawa a ƙasa. Na kuma lura gaɓar tana tsattsafo da ruwa daga cikinta, na bi sawu na gano indararon ɗakin Inna da na ɗakin girki duk a nan suke zuba. Saura in ga cikin filin kansa. Washegari na ɗauko ƙarfen da muke murzawa mu ciro ƙasa, bakinsa bai fi faɗin kofi ba, na zagaya bayan ɗaki ina sanɗa kamar ɓarawon kaza. Na tarar da Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar wurin tana jan carbi. Ta dubi ƙarfen, ta dube ni, ta ce ko in juya ko ta aika a ɗauko mata muciya. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma wallahi juyawa na yi.

Ruwa ba ya tsami banza. Na hau babur na tafi Kabo wurin Gwaggo Asabe, yayar Malam, wadda ita ta karɓi haihuwata. Bayan mun gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki, na kawo mata ƙarar Inna. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi tsaki.

"Kai da ake ce wa Ajuji, duk tambayar nan taka ba ka taɓa tambayar ina aka kai waɗanda suka riga ka ba?"

Na san sunana, na san ma'anarsa. Na san Inna ta yi wabi kafin ni, ta haifa suna komawa, shi ya sa da aka haife ni aka kai ni kan juji aka ajiye kamar ba a so na, ko Allah zai sa in tsaya. Amma a raina suna maƙabarta tare da kowa, ban taɓa kawo komai ba. Gwaggo ta ce a zamaninsu jaririn da bai yi ƙwari ba ba a kai shi bayan gari, a cikin gida ake sa shi, bayan ɗakin uwarsa. Huɗu ne, maza biyu mata biyu, babu wanda ya kai yaye, biyu ma ko suna ba a yi ba. Duk suna nan tsakanin bango da inda dangar take. Nan a kan tabarmar Gwaggo kunya ta rufe ni, tausayi ya rufe ni. Na yi shekaru ina gaya wa manyan 'yan kwangila abin da ke ƙarƙashin gadojinsu, ban san abin da ke bayan ɗakin uwata ba.

Da na dawo ban san ta inda zan fara ba, don maganar ba irin wadda ɗa ke yi da uwa ba ce, balle ni da take yi wa kunyar ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa. Na dai zauna a bakin ƙofa na ce na je Kabo. Ta ce Asabe ba ta iya riƙe bakinta ba. Na ce na tambayi liman a hanya ba tare da na ambaci gida ba, ya ce in lalura ta kama ana iya tonewa a mayar maƙabarta.

"Me za ka ɗauka?" ta ce. "Ƙashin jariri ai ba ya jimawa. Sun zama ƙasar wurin. In ka kwashe ta ka kwashe su, in ruwa ya tafi da ita ya tafi da su."

Daga nan ta kafa mini sharaɗi, kada in gaya wa Garba ko wani muddin tana raye. Ba ta son a mai da mata bayan ɗaki wurin nuni da yatsa, matan gida su riƙa rage murya in sun zo wucewa. Na ce na ji.

Sai tambayar ta koma irin wadda nake so: yaya za a riƙe ƙasa ba a taɓa ta ba? Na yi kwanaki ina juya abin, a wurin aiki, a kan babur, har a sahun salla Allah ya yafe mini. Gina katanga mai kauri a cikin kwarin ba zai yiwu ba, don wurin matsattse ne, in na tsuke shi ruwan zai koma ya ci gidan maƙwabtanmu na tsallake, kuma haƙar tushe a gindin gaɓa mai kogo kiran ajali ne. Amsar tana wurin gadojin da na yi aiki a kansu. In ƙasar sama ba ta da ƙarfi, ba a faɗa da ita, ratsa ta ake yi da ginshiƙai a kai su inda ƙarfin yake. Turken doki ba faɗi ne ke riƙe shi ba, zurfi ne. In na jera ginshiƙan kankare a layin tsohuwar danga, a ɗan ragowar gefen da ke wajen filin, kowanne ya nutse cikin ruɓaɓɓen dutsen nan, abin da ke binne ƙarƙashin gindin kwarin ya fi abin da ke sama tsawo, to za su tsaya su tare gaɓar ba a ɗebi ko cokali ɗaya daga filin Inna ba.

Injin da ke huda irin wannan rami ba zai shiga lungunmu ba, ko ya shiga girgizarsa kaɗai ta isa ta rufto da gaɓar. Sai na tafi Masanawa na ɗauko Malam Ɗanjuma mai haƙar rijiya da mutanensa. Da na ce masa ina son rijiyoyi a jere, matsattsu, kuma ba ruwa nake nema ba, ya dube ni sama da ƙasa ya tambayi Garba a gefe ko lafiyata ƙalau. Muka jira rani ya yi tsakiya ƙasa ta bushe. Muka fara toshe kogon gindin gaɓar da duwatsu. Ba a haƙa biyu maƙwabtan juna a lokaci ɗaya: a haƙa ɗaya, ana sauka ana sa zoben kankare don kada ta rufta da mutum, a zura kejin rodi, a cika da kankare, a tsallake ta kusa a tafi ta gaba, sai waccan ta kama a dawo. Da aka gama aka ɗaure kawunansu da bim guda, wato doguwar damarar kankare da rodi, don su yi aiki tare. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ta fuskar kwari muka jera dutse, bayansa tsakuwa, muka bar rariyoyi a buɗe don ruwan cikin gaɓa ya sami mafita. Indararo biyun nan na juya su suka koma tsakar gida, ruwansu ya bi kwata ya fita ta ƙofar gida.

Aikin ya ci siminti da rodi fiye da abin da albashina zai ɗauka. Ina da fili a Gwarzo, har na zuba fandisho, Ummanku ta riga ta zaɓi inda ɗakin girkinta zai kasance. Shi na sayar. Garba ya ce wannan almubazzaranci ne da neman suna, katangar da ya kawo shawara da tuni an gama an manta, ni na zo ina haƙa rijiyar da ba ruwa ina cika ta da dukiya don a ce injiniya ya zo gari. A majalisar ƙofar gida aka sa mini suna Mai Binne Siminti. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, musamman da yake amsar tana bakina ba halin in faɗa. Mun yi shekaru ni da ɗan'uwana gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ummanku kuwa ta yi kuka, ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Sai wata ranar salla da muka je Garo Inna ta kira ta ɗaki ta sa labule. Ban san me aka faɗa ba. Ummanku ta fito idonta ja, kuma har Allah ya karɓi ranta ba ta ƙara ta da maganar filin Gwarzo ba.

Bayan rasuwar Inna na kama hannun Garba na kai shi bayan ɗakin na gaya masa. Shi ne fa mutumin da ya taɓa cusa tsumma a rariyoyin katangar wai macizai na shigowa ta nan, muka yi kaca-kaca a kai. Tun daga ranar, duk shekara kafin ruwan farko, da kansa yake sauka kwarin da sanda yana zokale su ɗaya bayan ɗaya, har ƙafa ta gagare shi. Ku kuma ban gaya muku ba don bakina ya saba da rufewa, kuma ban zaci wani zai yi wa wurin sha'awar sokawe ba.

Saboda haka ku riƙe abu uku, ko ba na nan. Kada a tona wurin. Kada a ɗora masa nauyi, ko ɗaki ko tankin ruwa, don ban yi ginshiƙan da lissafin ɗaukar gini ba. Kada kuma a zuba masa ruwa ko a toshe rariyoyin, don ruwan da aka hana fita shi ke kayar da katanga. In kuka ga bim ɗin ya tsage ko ƙasar ta fara nutsewa a bayansa, ku nemo wanda ya san aikin, kada ku kira mai filasta ya shafe muku ido.

Daminar farko bayan gama aikin, ranar da aka yi ruwan da ya amsa sunansa, ina Garo. Tun da hantsi aka fara, kwarin ya cika yana ruri, ni kuwa ina zaure na kasa zama, don duk lissafin duniya ba ya hana mai aiki tsoro. Da aka ɗauke bayan la'asar na zagaya da sauri. Katangar na nan ko gezau, rariyoyin suna ta tsiyayar da ruwa, filin bai ragu da ko taki ɗaya ba. Ina tsugune ina duba bim ɗin sai na ji takun Inna. Ta zo da tsintsiyarta, ba ta kula ni ba, ta leƙa kwarin, ta dubi ginshiƙan, sannan ta sunkuya ta fara share ganyen da ruwa ya tara. Ban yi tsammanin godiya ba, ba a yi wa ɗan fari. Tana cikin sharar na ji tana magana ƙasa-ƙasa, kuma ba da ni take ba.

"To, ku kwanta. Ga ƙaninku nan ya yi muku katanga."

Duk rayuwata Yaya ake ce mini, a gida da dangi. Ranar ce kaɗai aka taɓa kirana ƙanin wani. Na tsaya a wurin da laka a gwiwata har ta gama sharar, ta kakkaɓe tsintsiyar a jikin bango, ta ce in tashi in ba mutane wuri.